Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in ba da labarin wani abu da ya same ni a zangon karatun da ya wuce. Magana ce ta hoto guda ɗaya tak, amma ta hana ni barci kwana da kwanaki, har yau kuwa ban gama biyan bashinta ba.

Ni sunan kakana na wajen uba aka sa mini, saboda haka a gidanmu ba mai kiran sunana na yanka. Baba yakan ce mini Abba, Kaka kuwa Maigida take kirana, wani lokaci ma ta tsare ni a bakin ƙofa wai sai na ba da kuɗin cefane. Shi mai sunan ban san shi ba. Mutumin Sabon Birni ne ta ƙasar Gobir, aikin reluwe ya kawo shi Gusau, a nan ya zauna har Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, sa'ad da Baba yake da shekara huɗu a duniya. Abin da ya bari wanda za a duba a ce ga kamanninsa, hoto ɗaya ne, baƙi da fari, wanda Kaka take ajiye da shi a can ƙasan adakarta, cikin wani tsohon ambulan da aka naɗe da ƙyalle.

An ɗauki hoton nan a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji. Da kuɗin suka shigo hannunsa sai ya sayi keke Raleigh sabo ful. Ran Sallah ya sa babbar riga da hula, ya jingine keken a jikin bango, ya tako gaba ya tsaya, aka kira mai hoto irin masu yawo unguwa-unguwa. To, ko garaje ne ya ɗebi mai hoton, ko kuwa shi ma keken ne ya ɗauke masa hankali, oho. Shi dai keken ya fito tar, kana iya ƙirga wayoyin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, har tsagar da ke jikin bangon ana gani. Amma fuskar mai keken dishi-dishi take, kamar kana hangen mutum daga nesa cikin hazon hunturu. Kaka ta ce ran da aka kawo hoton dariya ya yi ta yi, ya ce ai keke aka ɗauka ba shi ba, in Allah Ya kai mu wata Sallar sai a sake. Wata Sallar ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ba a sake ba.

Baba ya daɗe da burin a ƙara wa hoton nan girma a sa a gilashi a rataye a falo. Ya taɓa kai shi wurin masu wanke hoto tun ina ƙarami, suka gaya masa gaskiya, suka ce in an ƙara masa girma hazon ne zai ƙaru. Da na shiga ƙungiyar kwamfuta ta makaranta a aji biyar, na fara jin kaina wani abu, sai na bugi ƙirji na ce da Baba ya bar mini aikin. Sai da aka yi kwana uku ana lallashin Kaka kafin ta yarda ta ba da hoton, da sharaɗin in dawo mata da abinta kafin rana ta faɗi.

Malamin da ke kula da ƙungiyarmu mai yi wa ƙasa hidima ne, Bayarabe haifaffen Zariya, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Da ya ji ni jikan Bagobiri ne sai wasan taubasai ya tashi, ya ce yau ga ranar da Gobir ta zo neman taimako a hannun Yarabawa. Amma da ya karɓi hoton sai ya bar wasa, ya duba shi da kyau, ya ce mini, "Ka ga keken nan? Shi ne shaidarmu. Da hannun mai hoto ne ya yi rawa, da komai da komai ya jirkice, har keken. Tunda keken ya fito, mutumin bai fito ba, to saitin gilashin kyamara ne ya sauka a bango maimakon a fuska." Ya ce dole mutum ya san irin ciwon kafin ya nemi magani, domin hoton da hannu ya girgiza da wanda saiti ya kuskure ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Abu na farko, muka ɗora hoton a na'urar sikana, muka ɗauki kwafinsa a kan ɗigo 600 cikin kowane inci. Hoton inci uku da rabi ne a faɗi, biyar a tsawo, watau ɗigo 2,100 sau 3,000, jimla miliyan shida da dubu ɗari uku ke nan. A ranar na fara sanin cewa a wurin kwamfuta hoto ba komai ba ne illa tarin ɗige-ɗige, kowane ɗigo da lambarsa, daga 0 wanda shi ne baƙi wuluk, zuwa 255 wanda shi ne fari fat. Malam ya sa na ajiye kwafi ɗaya na asali a wuri dabam, ya ce kada in kuskura in taɓa shi, duk wasan da zan yi in yi da na biyu. Na mayar wa Kaka hotonta kafin la'asar sakaliya, ta juya shi gaba da baya ta tabbata ban rage komai ba.

Manhajar da kowa ya fi sani wajen gyaran hoto ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙiro, kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa a 1990. Amma ita ta kuɗi ce. Mu a makaranta GIMP muke da ita, wadda kyauta ake saukewa, wasu ɗalibai biyu ne ma na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara ta, ta fito a 1996. Da ita muka yi aiki. Muka fara da share tabo da ƙarce-ƙarcen da shekaru suka bari, sa'an nan muka gyara haske, baƙi ya koma baƙi, fari ya koma fari, domin takardar ta riga ta koɗe ta yi ruwan ƙasa. Malam ya ce ƙara kaifi shi ne aikin ƙarshe, in ka fara da shi har dattin za ka wasa.

Ma'aikacin da ke ƙara kaifin sunansa da Turanci Unsharp Mask, yadda yake aiki kuwa abin mamaki ne, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Kwamfuta takan ɗauki hoton ta yi wani kwafinsa wanda ya fi shi dishi-dishi, da gangan. Sa'an nan ta gwada su biyun, ɗigo da ɗigo. Inda wuri yake bai ɗaya, kamar tsakiyar goshi, ba wani bambanci tsakaninsu. Amma inda duhu ya haɗu da haske, kamar bakin hula da goshi, ko gefen ido, nan bambanci yake fitowa. Sai ta ɗebi wannan bambancin ta ƙara a kan hoton asali, gefen duhu ya daɗa duhu, gefen haske ya daɗa haske. Tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu ake yin wannan dabara da filim, kwamfuta gadonta ta yi. Watau dai kwalli ne. Mace in ta sa kwalli idonta yakan fito, amma ba a ƙara mata ido ba, iyakarsa aka zana.

Akwai ma'auni uku da ake ja gaba ko baya. Ɗaya na faɗi, watau ɗigo nawa za a taɓa a kowane gefen iyaka. Ɗaya na ƙarfi. Na ukun shi ne mai gadi, shi ke cewa sai bambanci ya kai kaza kafin a taɓa wuri, don a ƙyale 'yan ƙananan tsabar da ke jikin takarda. Ni da Malam ya juya baya sai na ja na ƙarfi har ƙarshe, na bar mai gadi a sifiri, ina cewa ai in kaɗan ya yi amfani da yawa zai fi. Wayyo! Sai ga kakana da wani farin zobe kewaye da kansa da kafaɗunsa, fuskarsa kuwa ta yi ɓaro-ɓaro kamar wanda ya tashi daga ciwon agana. 'Yan ajinmu suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Malam ya ce, "Bagobiri, garin gyaran gira ka tsone ido." Ya nuna mini a ja a hankali, a riƙa duba hoton a kan ainihin girmansa, kuma a keɓe ido da baki da bakin hula a ƙara musu kaifi su kaɗai, a bar kumatu yadda suke.

Da na yi ƙorafi cewa har yanzu fuskar ba ta fito ba, sai ya ce akwai wata hanya mai zurfin lissafi. In saiti ya kuskure, kowane ɗigon haske da ya kamata ya sauka wuri ɗaya sai ya bazu ya zama ɗan da'ira, ya shiga gonar maƙwabtansa, kamar ɗigon tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. In ka san faɗin da ya bazu, kana iya lissafi da baya da baya ka tattaro shi. Wasu masana biyu, William Richardson a 1972 da Leon Lucy a 1974, kowa da nasa binciken, suka fito da hanyar wannan lissafi, shi ya sa ake kiranta da sunansu su biyu. Ta yi rana sosai sa'ad da Amurka ta harba na'urar hangen taurari ta Hubble a 1990, aka tarar an yi kuskure wajen goge madubinta, kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba, amma ya isa ya sa hotunanta dishi-dishi. Da irin wannan lissafi masana suka yi ta lallaɓa hotunan, har watan Disamba na 1993 da 'yan sama jannati suka hau suka sa mata gyara. Malam ya ce in lura, da lissafi ya wadatar da ba a sha wahalar aika mutane sama ba.

Muka gwada wannan ma, ta wani ƙari da ake liƙa wa GIMP mai suna G'MIC. Lalle an sami ci gaba. Idanu suka rabu da gira, leɓe ya rabu da gashin baki, wasu inuwoyi dogaye suka ɗan bayyana a kumatu. Amma da zarar ka yawaita maimaita lissafin sai tsabar takarda ta taso ta rufe komai. Mako biyu muna wannan fama bayan an tashi daga makaranta, ran da akwai wuta. Abin da muka samu a ƙarshe mutum ne a cikin hazo har yanzu, sai dai hazon ya ɗan yaye. Malam ya ce iyakar abin da ke cikin takardar ke nan, abin da filim bai kama ba a 1975 ba wanda zai ciro shi yau.

Ni kuwa raina bai so ba. Na riga na cika baki a gida, ga shi abin da zan kai bai taka kara ya karya ba. Ana nan sai wani abokina ya ce ina ɓata lokacina, akwai manhajar waya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ke gyara tsohon hoto kafin ƙiftawar ido. Ban gaya wa Malam ba. Da daddare na ari wayar yayata, na sa hoton, na danna. Jama'a, ban ƙirga goma ba sai ga mutum ya fito garau, kamar jiya aka ɗauke shi. Ƙwayar idonsa tana sheƙi, gashin girarsa ɗai-ɗai, fatarsa sumul. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Na kai wa Baba yana zaune a tabarma bayan sallar lisha. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai na ga hawaye na bin kuncinsa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ya ce, "Allah Sarki. Ashe haka yake." Ya sa mini albarka har sau uku. A daren nan ya aika wa Gwaggo, ita kuma ta zuba a zauren danginmu na WhatsApp, kafin gari ya waye hoton ya kai Sabon Birni, ya kai Legas, ya ƙetara har Maraɗi. Kowa sai addu'a yake yi wa mamaci, yana yaba wa Abba mai kwamfuta. Ranar ko ƙasa ba na gani.

Da hantsi muka shiga ɗakin Kaka, ni da Baba, ina gaba ina taƙama. Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar, ta kai ta kusa, ta kai ta nesa, ta karkata ta wajen hasken taga. Sa'an nan ta dube ni ta ce, da irin Hausarsu ta can, "Maigida, wanga yaro ɗan wa na?"

Na ce, "Haba Kaka, ai Malam ne."

Ta ce, "Wanga ba Malam na ba. Rigatai ta, hulatai ta, kekenai na. Amma ina zanenai?"

Abin da na yi a nan shi ya fi ba ni kunya, amma tunda na ɗauki alƙalami sai in faɗa. Cewa na yi idonta ne ya tsufa. Ba ta yi fushi ba. Jawo ni ta yi ta kama haɓata, ta sa yatsa tun daga gefen bakina ta ja har kusa da kunne, ta sake ja, ta sake ja, tana ƙirgawa, bakwai a wannan kunci, shida a wancan. Ta ce haka zanensa na Gobirci yake, ko a kasuwa daga nesa da shi ake gane shi. Ta ce kuma shi baƙi ne, wannan kuwa wankan tarwaɗa ne. Hancinsa mai faɗi ne irin nawa, ba wannan siririn ba. Idonsa na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta tun ran da garwashin jirgi ya faɗa masa. Ta miƙa wa Baba wayar ta ce a kai wa iyayen yaron hoton ɗansu.

Ban iya duban fuskar Baba ba. Ya san da zanen nan a labari, amma shi ba a yi masa ba, kuma mutumin da ya shekara arba'in da wani abu yana neman fuskar mahaifinsa, in aka miƙo masa fuska ba zai tsaya ƙirga zane ba. Ni na sa shi ya yi kuka a kan fuskar wanda ba a taɓa haifa ba. Ya tashi ya fita bai ce mini komai ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Litinin na kwashe labari duka na gaya wa Malam. Bai yi mini wasan taubasai ba ranar. Ya ce irin waɗannan manhajoji ba tattaro hasken da ya bazu suke yi ba. An nuna musu ɗimbin fuskokin mutane ne har suka koyi yadda ido da hanci da fata suka saba kasancewa, in ka ba su hazo sai su zana fuskar da ta fi dacewa da hazon daga abin da suka saba gani. Abin da ba su saba gani ba kuwa, kamar zanen Gobirci, sai su ɗauke shi datti ne ko ƙarcewar takarda, su share. Ya ba ni labarin wata manhaja mai suna PULSE da masu bincike na jami'ar Duke ta Amurka suka fito da ita a 2020. Wani ya ba ta hoton Barack Obama wanda aka dusashe, sai ta fito da fuskar wani Bature. Su kansu masu ita sun faɗa cewa ba a yi ta don gane ko wane ne a hoto ba, fuska take ƙagawa wadda za ta iya zama ita ce. Na ce a raina, ai da na ji wannan tun da wuri.

Sai na koma kan aikinmu na mako biyu, wanda na raina. Na buɗe shi na duba dogayen inuwoyin nan na kumatu, waɗanda da na so in goge don na zaci tabo ne, Malam ya hana. Ashe zanen ne. Ba sa ƙirguwa, amma ga su nan, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Idon hagu ma, in ka lura, ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. Muka kai aka wanke shi a takarda, ba mu ƙara masa girma sosai ba, domin ƙaramin hoto ya fi ɓoye hazo. Na kai wa Kaka ina ɗari-ɗari. Ta duba, ta yi murmushi, ta ce, "To, yanzu ka kawo mini shi. Ga shi nan yana hararar mai hoto." Shi ne yanzu a rataye a falonmu. Baba yakan tsaya a gabansa wani lokaci in zai fita, sa'an nan ya juyo ya dubi hancina.

Saura ɗayan. Na rubuta a zauren dangi na ba da haƙuri, na bayyana abin da ya faru, na roƙi kowa ya goge. Waɗansu sun goge. Waɗansu suka ce ai wancan ya fi kyau, me za a yi da mai hazo. Gwaggo, wadda take goye sa'ad da ya rasu, ta riga ta kai an wanke mata shi babba ta sa a gilashi, ta ce ita dai ta sami uba, kada in dame ta. Da muka je gidanta da ƙaramar Sallah na ji ɗan autanta yana nuna wa abokansa hoton yana cewa ga kakansa. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya girgiza mini kai. A hanyarmu ta komawa gida ya ce in wanko ƙananan kwafi goma na mai hazon, in rubuta a bayan kowanne da biro cewa wannan shi ne na gaskiya, da shekarar da aka ɗauka, da adadin zanen kowane kunci kamar yadda Kaka ta ƙirga. Na raba bakwai, saura uku, ciki har da na Gwaggo, wanda har yanzu yana cikin littafina na lissafi.